Shekarar da Hotuna Suka Rikiɗe Ruwan Goro

A farkon shekarar 2000 kamfanin Epson na Japan ya fito da na'urorin buga hoto masu fesa tawada guda biyu, Stylus Photo 870 da 1270, tare da wata takarda mai sheƙi da ya sa wa suna Premium Glossy. Masu ɗaukar hoto a Amurka da Turai suka yi rububin saye, domin an yi musu alkawarin abin da suka daɗe suna nema: hoton da mutum zai buga a ɗakinsa, ya kai kimanin shekara 10 bai koɗe ba. Ba a jima ba ƙorafi ya taso. Hotunan da aka bari a fili, babu gilashi, wasu sukan juya ruwan goro cikin 'yan makonni, alhali irinsu a wani gidan suna nan daram.

Asirin yana cikin shafen da ake yi wa fuskar takarda, wanda shi ne ke karɓar tawada. Iri biyu ne. Na farko na jelatin ne ko wani dangin ƙaro: idan tawada ta sauka ya kumbura ya haɗiye rinin, idan ya bushe ya rufe a kansa. Aibinsa jinkirin bushewa, ga shi ba ya shiri da laima ko jiƙaƙƙen yatsa. Na biyu ƙananan ƙwayoyin silika ne ko alumina, masu ɗimbin ƙofofin da ido ba ya gani. Wannan yakan zuƙe tawada nan take, hoto ya fito a bushe, kuma shi ne a kan Premium Glossy. Sai dai ƙofar da ta shigar da tawada ba ta rufewa bayanta. Iska tana bi ta nan, kuma a cikin iskar akwai ozon, wanda hayaƙin motoci da zafin rana ke haifarwa a birane, wasu na'urorin lantarki kuma a cikin gida. Ozon ya fi cin rinin shuɗi. Da shuɗi ya gushe, sai ja da rawaya su rage, su ne suka haɗu suka ba da ruwan goro.

To, yaya aka yi masu gwaji ba su hango ba? Wanda aka fi jin maganarsa a fagen shi ne Henry Wilhelm na garin Grinnell a jihar Iowa, wanda littafinsa na 1993 a kan dawwamar hotuna masu launi ya zama abin dogaro. Hanyarsa ita ce a gasa hoto da haske mai tsanani, sannan a lissafa shekarun da zai yi a ɗaki mai hasken luks 450, awa 12 kullum. Hanya ce mai ma'ana ga tsohon hoton da ake wankewa, wanda rininsa ke lulluɓe cikin jelatin, iska ba ta samunsa sosai. Sabuwar takarda ta zo da maƙiyin da ma'aunin bai tanada ba. A ganina, masu talla sun fi masu gwaji laifi, tunda adadin shekarun suka ɗauka suka bar sharuɗɗansa.

Epson ya sake haɗin takardar, daga baya kuma ya fito da ColorLife mai shafen kumburi. Maganin da ya ɗore ya zo ne ta wajen tawada. A maimakon rini mai narkewa a ruwa, aka koma ga tawada mai ƙwayoyin launi, waɗanda kauri ke kare cikinsu daga haske da iska. Samfurin farko, na 2000P, launinsa yakan sauya da sauyin fitila. UltraChrome ta 2002 ce ta rage wannan matsala ƙwarai. Kuma da yake ƙwayoyin ba sa nutsewa da kyau cikin shafen kumburi, sai takarda mai ƙofofi, wadda aka ɗora wa laifi, ta zama ita ce gwanar kasuwa.

Gwajin ozon ya shiga sahun ma'aunai, amma gardama ba ta ƙare ba. A 2004 Kodak ya ce hoto a takardarsa ta Ultima zai wuce shekara 100. Wilhelm ya ƙalubalanci lissafin, domin Kodak da luks 120 ya yi nasa.