Ginin Kotun Gundumar Hill a Texas: Gobarar 1993 da Aikin Ceto Shi

Ginin kotun gundumar Hill yana tsakiyar garin Hillsboro, a jihar Texas ta Amurka. An gina shi a shekarar 1890 bisa zanen W. C. Dodson, da bangon dutsen farar ƙasa da doguwar hasumiyar agogo a samansa. A Amurka, irin wannan gini ba zauren shari'a kaɗai ba ne. A cikinsa ake ajiye takardun filaye da na aure, shi ne kuma mazaunin hukumar gunduma.

A daren 1 ga Janairu, 1993, gobara ta tashi a ginin sakamakon matsalar wutar lantarki. Rufin ya ƙone, hasumiyar ta rufta ciki, bangwayen dutse ne kawai suka rage a tsaye.

Tsayuwar bango bayan gobara tana iya ruɗar ido. A tsohon gini, katakan rufi da na benaye su ne ke ɗaure bangwaye da juna. Da zarar sun ƙone, kowane bango ya zama shi kaɗai, iska mai ƙarfi na iya kifar da shi, ruwan sama kuma ya riƙa shiga ta kansa yana cin kwaɓin da ke tsakanin duwatsu. Shi ya sa a irin wannan aiki ake fara tokare bango da kare shi daga ruwa, kafin a zo ga maganar ado. Ko wajen cike tsaga akwai ƙa'ida: siminti na zamani ya fi dutse mai laushi tauri, yana kuma riƙe danshi, don haka masana suka fi amincewa da kwaɓin farar ƙasa.

Mutanen gundumar sun zaɓi gyara maimakon rushewa. Mawaƙi Willie Nelson, wanda ya tashi a garin Abbott na gundumar, ya yi wasannin tara gudummawa, aka sake buɗe ginin a 1999.

Gobarar ta jawo hankali ga sauran tsofaffin kotunan jihar mai gundumomi 254. A 1998, ƙungiyar National Trust for Historic Preservation ta sanya su cikin wuraren tarihi mafiya fuskantar haɗari a Amurka. A 1999, zamanin Gwamna George W. Bush, jihar ta kafa shirin tallafa wa gyaransu a ƙarƙashin Hukumar Tarihi ta Texas. Gundumar da ke neman tallafin sai ta gabatar da cikakken tsarin gyara, ta kuma biya wani kaso na kuɗin daga aljihunta.