Ranar da aka kakkaɓo jirgin yaƙi a Zamfara

Saura kwana biyu Babbar Sallah, ranar Lahadi 18 ga Yulin 2021, ana tsaka da cinikin raguna, wani jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet ya rikito a dajin Zamfara da misalin ƙarfe ɗaya saura kwata na rana. Ya gama luguden wuta ne a kan iyakar Zamfara da Kaduna, yana hanyar komawa, 'yan bindiga suka buɗe masa wuta daga ƙasa. Rundunar sojin saman Najeriya ta ce harbo shi aka yi.

Matuƙin, Abayomi Dairo, ya diro da lema. Ɓarayin daji suka bazama nemansa, shi kuwa ya lafe har duhu ya rufa, sannan ya riƙa lalubo hanya da wayarsa, ya taka da ƙafa har wani sansanin sojin ƙasa. Da sauran shan ruwansa. Abokan aikinsa biyu, John Abolarinwa da Ebiakpo Chapele, sun tashi da irin wannan jirgi a Borno ranar 31 ga Maris na shekarar, ba su dawo ba. Sai a Maris ɗin 2022 aka gano tarkacensa a dajin Sambisa.

Alpha Jet fa tsohon hannu ne. Ƙirar Faransa da Jamus ce, Najeriya ta fara sayo shi a farkon shekarun 1980, kuma da shi rundunar ƙawancen Afirka ta Yamma, ECOMOG, ta yi yaƙin Laberiya da Saliyo. To ga shi waɗanda ake kira ɓarayin shanu sun sauko da shi.

Mutanen Moriki da Zurmi, masu maƙwabtaka da dajin Dumburum, da na Shinkafi da Kaura Namoda, ba sai jirgi ya faɗo ba kafin su san irin makaman da ke cikin dajin. A ganina Abuja ce ta makara.

Kwana huɗu bayan faɗuwar jirgin jiragen Super Tucano shida suka sauka a Kano daga Amurka. A Satumba aka katse layukan waya a Zamfara, kasuwannin mako kuma aka rufe su, talaka ya sha wuya biyu. Sai a Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta ayyana 'yan bindigar a matsayin 'yan ta'adda a hukumance.