Keso da Jaka: Mazubin Kuɗi a Ƙasar Hausa

A ƙarni na 19, lokacin da wuri ne kuɗin ƙasar Hausa, mai dukiya yana fama da wurin zuba ta kamar yadda ya yi fama wajen tara ta. Wurin da aka fi sani daga tsibiran Maldif yake fitowa, kuma guda 400 sun kai nauyin laba ɗaya. A kan wannan aka gina ma'aunin 'yan kasuwa: wuri zambar ashirin, wato 20,000, a zuba a tabarma a ɗinke, shi ne keso. Nauyinsa kimanin kilo 23 ne, daidai kayan ɗan dako. Ke nan wuyan mai ɗauka ne ya yanke girman mazubin. Mai wuri miliyan ɗaya sai ya tanadi ɗakin da zai ci keso 50, nauyin da ya haura tan guda.

Cika keson ma aiki ne. A bakin teku ana shirya wuri a zare, amma a Kano da Katsina a warwatse yake, sai an zube shi a ƙasa ana jan biyar biyar da yatsu, ana tara tsibi tsibi. A 1851 matafiyi Heinrich Barth ya ga ana ƙirga wuri 500,000 a Tasawa. A Kano kuwa ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500, wato keso guda dala 8 kacal.

Daga shekarun 1840 Jamusawan Hambag suka riƙa jigilar wani wuri mai girma daga Zanzibar. Daraja ta faɗi, nauyi ya ƙaru, har ladan dako a doguwar tafiya ya koma cin rabin kayan ko fiye. Shi ya sa fatake suka fi son riƙe dukiyarsu a gishiri, tufafi, dawaki da bayi.

Gwamnatin mulkin mallaka ta Lugga ta hana shigo da wuri a 1904, sulalla suka maye gurbinsa sannu a hankali. Su kuwa a jaka ake ɗaure su, fam 100 kowace. Da naira ta zo a 1973, fam ɗaya ya zama naira 2, jaka ta koma naira 200. A Nijar kuwa jikka ita ce sefa 1,000.