Daga Gado Zuwa Haja: Tarihin Cinikin Gidaje a Zariya

Lokacin da na je Zariya neman difloma ta koyarwa, ni da wani abokina mun kama ɗaki a Samaru, a gidan wani dattijo da ya yi aikin masinja har ya yi ritaya. Ɗakunan haya ne a jere daga ƙofar gida, shi kuma da iyalinsa suna can ƙurya. Muna shekarar ƙarshe Allah ya yi masa rasuwa. Ko sadakar arba'in ba a yi ba sai ga dillalai suna zarya, wannan ya ƙwanƙwasa bango, wancan ya auna tsakar gida da taku. Kafin mu gama jarrabawa an sayar da gidan an raba kuɗi, matarsa ta kwashe 'yan komatsanta ta koma ɗakin haya a Hayin Dogo. Ba wanda ya cuce ta, tumuninta aka ba ta cif. Sai dai tumunin nan bai isa ya sayi ko zaure ba. Tun daga ranar nake tambayar kaina, shin yaushe ne gida ya zama haja a ƙasar Hausa? Na ga babu garin da ya fi Zariya dacewa da amsa wannan tambaya.

Gida a Cikin Ganuwa

Ganuwar birnin Zazzau, wadda zagayenta ya kai kusan mil goma, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da kududdufai da filayen kiwo. Saboda haka a da fili ba shi ne abin wahala ba, mutanen da za su zauna a kansa su ake nema. Baƙo in ya zo da sana'arsa ko da allonsa, mai masaukinsa zai kai shi wurin mai unguwa, a nuna masa inda zai yi gini, ya yi 'yar gaisuwa, shi ke nan. Ƙasa tana hannun sarki a matsayin amana. Abin da mutum ke iya cewa nasa ne shi ne abin da ya ɗora a kanta: tubali da azara da rijiya da itatuwan da ya dasa. Idan an yi ciniki, galibi waɗannan ake yi wa kuɗi. In kuwa gida ya zama kango magada suka watse, ana iya bai wa wani.

Malaman jihadi ba su bar wannan batu ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya rubuta littafi mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan ƙasar da ba ta da mai ita. A Zariya kuwa, bayan da Malam Musa ya ci birnin, Sarki Makau ya fita ya yi kudu, gidajen sarauta da yawa sun sake hannu ba tare da an ƙirga ko wuri ɗaya ba. Wato a wancan zamani mulki da gado su ke ba da gida, su ke kuma karɓewa. Shi ya sa har yau a unguwanni irin su Kwarbai da Juma da Limancin Kona, ba a kwatanta gida da lamba, sai da sunan kakan da ya kafa shi.

Zuwan Turawa da Takarda

Turawan Ingila sun shiga Zariya a 1902. A 1908 aka zaunar da wani kwamiti a Landan don ya duba sha'anin ƙasa a Arewa, daga shawararsa kuma aka fitar da dokar 1910, wadda aka sake wa fasali a 1916. Dokar ta ce ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa, kuma baƙo ba ya mallakarta, sai dai a ba shi iznin zama na wasu shekaru, yana biyan kuɗin ƙasa.

Ana cikin haka jirgin ƙasa ya iso a 1911. Tare da shi aka sami leburori da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu, waɗanda Turawa ba su so su cuɗanya da mutanen birni. Sai aka yanka musu Sabon Gari kusa da tasha, daga baya aka kafa Tudun Wada domin baƙi 'yan Arewa. A nan ne Zariya ta fara ganin fuloti mai kusurwa huɗu da lamba da takarda, a nan ne kuma aka fara gina gida ba don mai shi ya zauna ba, sai don ya zuba 'yan haya. Gari ɗaya ya zama yana da tsari biyu: a birni shaidar dattawa da alƙali, a bayan ganuwa kuwa takardar ofis. Dokar ƙasa ta 1962, ta zamanin Sardauna, ba ta rushe wannan gini ba, ikon kawai ta mayar hannun Minista.

Jami'a Ta Zo, Kasuwa Ta Buɗe

Samaru, da ke kan hanyar Funtuwa, daji ne da gonaki lokacin da aka kafa tashar binciken aikin gona a wurin a 1922. A farkon shekarun 1950 aka buɗe babbar kwalejin kimiyya da fasaha, wadda ita ce aka haɗa da cibiyar koyon sha'anin mulki ta Kongo da tashar binciken, aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba, 1962. Kafin nan Kwalejin Barewa ta dawo Zariya a 1949, sai Babbar Kwalejin Horon Malamai a 1962, da makarantar koyon tuƙin jirgin sama a 1964.

Jami'a ta gina wa manyan ma'aikatanta gidaje a cikin harabarta. Amma kuku da direba da masinja da mai gadi, da ɗaliban da ɗakunan kwana suka kasa ɗauka, dole suka tsallaka titi. Haka Samaru ta cika ta tumbatsa zuwa Danraka da Hayin Dogo da Zango da Palladan, kamar yadda Gyallesu ta cika da mutanen Kongo. Manomin Bomo ko Basawa da bai taɓa tunanin gonarsa tana da wani farashi ban da dawar da take bayarwa ba, sai ga ma'aikaci ya zo da kuɗi a hannu, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975. Aka ja igiya aka yanka gonaki, mai unguwa ya sa hannu, dillali ya karɓi la'ada. Da yawa daga cikin waɗanda suka sayar, kuɗin a aure da kujerar Makka suka ƙare, jikokinsu kuma yau haya suke biya a kan gonar kakansu.

Amma mai saye ma bai tsira ba, domin kasuwar da ta dogara da ɗalibai tana kwana ne tana tashi da jami'a. A yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗakuna sun zauna a kulle, masu gidajen da suka dogara da kuɗin haya suka ji a jikinsu.

Dokar 1978

Ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta ɗauki tsarin Arewa ta shimfiɗa wa Nijeriya baki ɗaya. Ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna, abin da mutum ke samu shi ne takardar shaidar zama, galibi ta shekara 99. Dokar ta ce ba a sayar da gida mai irin wannan haƙƙi ko a jinginar da shi sai da yardar Gwamna, kuma a 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa sharaɗin ya hau har kan waɗanda suka mallaki gidajensu tun kafin dokar. Haka nan in gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar abin da ke kai take biya, ba ta ƙasar ba. Mai karatu zai ga cewa tsohuwar magana ce ta dawo da sabuwar riga: gini naka, ƙasa ta mai mulki.

Sai dai neman wannan yarda yana cin kuɗi da lokaci, don haka mafi yawan ciniki ya ci gaba da tafiya a kan 'yar takardar yarjejeniya da shaidu. Nan ne ake samun fuloti ɗaya da masu shi uku, ko ɗan'uwa ya sayar da gidan gado 'yan'uwansa mata ba su sani ba. Alhali a mazhabar Malikiyya akwai shufa'a, wato idan wani daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da ikon su biya farashin su karɓe. Magada nawa ne suka san da wannan haƙƙi kafin dillali ya ce ciniki ya faɗa?

Kammalawa

Ba don Zazzagawa kaɗai na kawo wannan tarihi ba. Mu Kabawa mun san Surame, birnin Kanta, da ganuwarsa ta dutse take tsaye ba kowa a ciki, saboda haka mun san mutane ne ke sa wuri ya yi daraja. To, yanzu mutanen sun fara zuwa mana. An kafa jami'ar jiha a Aliero a 2006, ga ta tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta ke wajen Kalgo, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Abin da ya sami manoman Bomo yana tafe, in ma bai iso ba. Shawarata ita ce, mai gona a kusa da makaranta in ya zama dole ya sayar, kada ya sayar duka. Mai saye ya nemi ganin dukkan magada, maza da mata, ya kuma bi takarda har ofis. Magada kuwa, kafin a kira dillali, su fara tambayar junansu inda tsohuwa za ta kwana.

Augie, Jihar Kebbi