Shekarar da Kano ta rufe ƙofa ga ɗigon shan-inna

'Yan uwa makiyaya da fatake, ku da kuke bin hanya daga Kano har New Bell ta Duwala, kun san ba kaya kaɗai ke tsallake iyaka ba. Labari na tsallakewa, cuta ma haka.

A 2003 gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan-inna, bayan jita-jita ta bazu cewa ɗigon na hana haihuwa. Tsoron yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Iyaye kuma suna tambaya: me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan kyauta, alhali maganin zazzaɓi sai da kuɗi?

Kafin a sasanta, cutar ta shiga Kamaru da Chadi da wasu ƙasashe. Sai a Yulin 2004 Kano ta koma, bayan ta yi nata bincike, aka kawo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi.

To, daga nan salon magana ya fara sauyawa. A 2009 Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya haɗa sarakunan Arewa cikin aikin, har zuwa kan dagatai da masu unguwanni. Aka ɗauki matan unguwa, waɗanda ake haɗuwa da su wurin suna da biki, su shiga gida su zauna, su saurari uwa tukuna. Waɗanda cutar ta gurgunta suka riƙa ba da labarinsu da bakinsu. Tambayar zazzaɓi kuma aka amsa ta a aikace: aka kafa sansanonin lafiya inda ake duba yaro, a ba shi magani, sannan a ɗiga masa. Aikin bai zo da sauƙi ba, don a Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano.

A Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da shan-inna na asali.

Saboda haka, in ma'aikaciya ta yi sallama a rugarka ko rumfarka, shimfiɗa mata tabarma. Tambaye ta sunan maganin, cutar da yake karewa, da abin da za ka yi in jikin yaro ya yi zafi. Haƙƙinka ne, amsawa kuma aikinta ne.