Ƙwayar da ido ba ya gani da tarihin ginin ƙasa

Ranar 3 ga watan Satumba na shekarar 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin Damagaram da aka gina a tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe. Shekara guda kafin haka, a watan Agusta na 2023, wani sashe na masallacin Jumma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta kan masallata, aka yi hasarar rayuka. Waɗannan musibu biyu sun sake tayar da wata tsohuwar tambaya da magina suka daɗe suna fama da ita: mene ne ke sa ƙasa ta kama jikinta, ta yi ƙarfin ɗaukar soro, ta kuma jure wa zamani?

A Gaya, garin da ke bakin kogin Isa cikin jihar Dosso, daura da Malanbil ta ƙasar Binin, ba nesa da Kamba ta Nijeriya ba, tambayar tana da nauyi na musamman. Yankin yana cikin waɗanda suka fi samun ruwan sama a Nijar, kusan milimita 800 a shekara. Ga kogi, ga fadamun Dallol Mawuri da Dallol Foga. A shekarun 2012 da 2020 ambaliyar kogin ta rusa dubban gidajen ƙasa a jihohin da yake ratsawa, har da ta Dosso.

Magabata ba su zauna hannu rabbana ba. Magini yakan zaɓi ƙasarsa, mafi yawa jan birji, ya jiƙa ta, ya zuba yankakkiyar ciyawa ko tattaka da kashin dabbobi, a tattake da ƙafa, sa'an nan a bar ta kwana da kwanaki ana juyawa har ta ruɓa. Da wannan kwaɓi ake yin tubali da yaɓe, a rufe ɗaki da azarar giginya, itacen da Allah ya hore wa ƙasar Gaya, wanda gara ba ta cika cinsa ba. Abin da magini ke kira ruɓa aiki ne na ƙananan halittu da ido ba ya gani, wato bakteriya da danginsu. Su ne ke narkar da ciyawar da kashin, har ƙasar ta yi laushi da danƙo, ta rage tsagewa in ta bushe.

Bayan gini sai kariya daga ruwa. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ruwanta yana ƙarfafa yaɓe da daɓe. Akwai kuma laso, simintin Hausawa na dā, da ake haɗawa da katsi da gashin jima da dafara. Katsi shi ne laka da ke kwantawa a ƙasan rijiyar marina, a kwashe, a busar, a ƙona. Ita kanta rijiyar marina ba ta kama launi sai bakteriya sun yi aikinsu a cikin ruwan baba da toka. Ke nan marini, majemi da magini sun kasance a sarƙe, sharar wannan ita ce kayan aikin wancan.

A wasu ƙasashen, wata musiba dabam ce ta tura masana binciken hanyar ƙarfafa ƙasa. A watan Yuni na 1964 girgizar ƙasa ta auka wa birnin Nigata na Japan. Dogayen benaye sun kwanta a gefe ba tare da sun farfashe ba, domin jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashinsu ya koma kamar kunu sa'ad da aka girgiza shi. Daga nan injiniyoyi suka duƙufa neman yadda za a ɗaure yashin da gini ke zaune a kansa. An yi ta ɗura masa siminti da wasu sinadarai, amma akwai tsada, wasu kuma suna gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa.

A 1973 wasu masana a Sifen suka nuna cewa bakteriyar ƙasa da yawa suna iya haifar da ƙwayoyin dutsen farar ƙasa, irin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza. A 2004 Victoria Whiffin ta kammala digirinta na uku a jami'ar Murdoch ta Ostareliya kan yin siminti ta wannan hanya, kuma a 2006 Jason DeJong, malami a jami'ar Kalifoniya da ke Debis a Amurka, ya wallafa tare da abokan aikinsa gwajin da ya nuna sako-sakon yashi yana taurara in an yi masa haka. Ƙwayar da aka fi amfani da ita sunanta Sporosarcina pasteurii. Ana ɗura ta cikin yashi, a bi ta da ruwa mai ɗauke da kalsiyam da yuriya, wato takin zamanin da manoman shinkafar Gaya suka sani. Ƙwayar tana farfasa yuriyar, abin da ya fito ya haɗu da kalsiyam ya zama dutse, dutsen kuma ya liƙe tsakanin ƙwayoyin yashi ya ɗaure su. A Holan, Leon van Paassen da ƴan'uwansa masu bincike sun taurara yashi mai yawan kubik mita 100, suka bayyana sakamakon a 2010.

Labarin ya iso ƙasar Hausa ta hanyoyi biyu. A 2008 wani ɗan Suwidin mai karatun zanen gine-gine a Landan, Magnus Larsson, ya kawo shawarar a daskarar da tuddan yashi da wannan ƙwaya, a yi katangar kilomita 6,000 don tare hamada, ya kuma ɗauki yankin Sakkwato a matsayin wurin misali. Katangar ba ta wuce takarda ba. Ta biyu ta fi kusa da ƙasa: a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Farfesa Kolawole Osinubi da almajiransa sun yi gwaje-gwaje kan ƙarfafa jar ƙasa da bakteriya, wato irin ƙasar da magini ke kwaɓawa.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Dabarar ta fi dacewa da yashi, domin a cikin yumɓu ƙofofin sun yi ƙanƙanta, ƙwayar ba ta samun hanyar wucewa. Tana barin amoniya mai wari da ke iya ɓata ruwan rijiya, kuma kayan aikinta sun fi ƙarfin aljihun talaka. Haka nan girgizar ƙasa ba ita ce babbar barazana ga Nijar ba, ko da yake Afirka ta Yamma ta ɗanɗana ta a Akara a 1939 da kuma arewacin Gini a 1983, inda ɗaruruwa suka mutu. Maƙiyin ginin ƙasa a Gaya ruwa ne: wanda ke zuba daga sama ya wanke yaɓe, da wanda ke tasowa daga ƙasa ya cinye gindin katanga.

Darasin tarihin shi ne ilimin ɗakin gwaji da na magina ba kishiyoyi ba ne, kowanne yana sa halittu marasa ganuwa aiki ta hanyarsa. Bambancin shi ne na farko a rubuce yake, na biyu kuwa a kan tsofaffi yake. Marina suna mutuwa, katsi ya yi wuya, siminti da kwano sun kori laso, alhali ɗakin kwano tanda ne a watan Afrilu. Masallacin Yama na jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 kuma ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, shaida ne cewa sana'ar tana iya rayuwa a wannan zamani.

Nauyi ya rataya a wuyan malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu. Su tura ɗalibai wurin tsofaffin magina su rubuta kwana nawa kwaɓi ke yi kafin ya nuna, wace ciyawa ake zaɓa, yaya ake auna makuba, da sunayen abubuwan cikin Hausa da Dandanci. Mai binciken da zai zo gobe da bakteriyarsa zai bukaci waɗannan ma'aunai kafin ya san abin da zai gyara da abin da zai bari.