Mitar shige da fice: yadda mai sola ke sayar wa kamfani rarar wuta

Mitar shige da fice tsari ne da ke bai wa maigidan da ya ɗora farantan sola a rufinsa damar tura rarar wutarsa zuwa layin kamfanin lantarki. Da tsakar rana farantan kan samar da fiye da bukatar gida, da dare kuma gidan ya koma jan wutar kamfani. Mitar tana ƙirga abin da ya shiga da wanda ya fita, a ƙarshen wata maigida ya biya bambancin.

Ribar tsarin ta rataya ne a kan farashin da aka yi wa rarar. A Afrilun 2023 jihar Kalifoniya ta Amurka ta zabge wannan farashi da kusan kashi 75 cikin 100 ga sabbin masu shiga, bisa hujjar cewa marasa sola ne ke ɗaukar nauyin kula da layuka. Masu gidaje da dama suka karkata ga sayen batir.

Akwai kuma sharaɗin da akan manta da shi. Da zarar an ɗauke wuta, inbata kan daina turawa nan take, don kada wutar ta kama masu gyaran waya. Saboda haka inda ɗauke wuta ya zama ruwan dare, gidan da ba shi da batir kan rasa wuta ko da rana na ƙwallewa.